Filin Tambayi Likita: Zazzaɓin Yara Mai Tafiya Ya Dawo

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon daga Katsina da Daura kusan duk bakinsu ɗaya: yaro ya yi zazzaɓi, an sha magani, ya warke, ba a rufa wata ba ya sake kwantawa. Mun zaɓi bakwai muka miƙa wa likitocin yara masu amsa tambayoyin wannan fili. Mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa uku da rabi. Tun bayan ƙaramar sallar bara, kusan duk ƙarshen wata sai ya yi zazzaɓi mai zafi, kwana huɗu ko biyar. Ya ƙi abinci, ya ce wuyansa na ciwo, kaluluwa ta fito mashi ƙarƙashin haɓa, wani lokaci da 'yan ƙuraje a cikin leɓe. An yi mashi maganin maleriya ya fi sau takwas, na taifot sau uku, allura kam ba a magana. Da ya sauka sai ya miƙe garau kamar ba shi ba. Kakarsa ta ce haka ubansa ya yi, ya girma ya bari. Gaskiya ne, ko akwai abin da ake ɓoye mani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. A duk wasiƙarki, maganar da ta fi nauyi wurin likita ita ce wadda kika faɗa a kan hanya: da ya sauka sai ya miƙe garau. Yaron da muguwar cuta ke ci a ɓoye, irin tarin fuka ko sankarar jini, ba ya komawa garau tsakanin kwanciya da kwanciya. Ramewa yake yi, ya yi fari, wasa ya fita ransa. Naki kuwa tashi yake ya ci tuwonsa ya bi sa'o'insa da gudu, kuma wannan ya rage fargaba da yawa.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma abin da kika siffanta ya yi kama da wanda likitoci ke kira PFAPA. Haruffan farko ne na alamominsa huɗu da Turanci: zazzaɓi mai zagayowa, gyambon baki, kumburin maƙogwaro, da kaluluwar wuya. Sai a 1987 wasu likitocin yara a Amurka suka fara bayyana shi a rubuce, saboda haka ba kowane ma'aikacin lafiya ne sunan ke zo wa a rai da sauri ba. Yakan fara kafin shekara biyar. Zafin jiki ya kai 39 ko 40, ya yi kwana 3 zuwa 6, ya sauka da kansa, sannan ya dawo bayan sati 3 zuwa 6. Wasu iyayen har ranar zuwansa sukan faɗa, kamar masu duban wata. Babu tari, babu majina, kuma 'yan'uwansa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ba sa ɗauka, domin ba wata ƙwayar cuta ce ta shigo daga waje ba. Garkuwar jikin yaron ce ke tashi da faɗa babu abokin faɗa, ta hura wuta kwana huɗu ta lafa.

A nan ake ruɗewa. Tunda zazzaɓin zai sauka rana ta huɗu ko ta biyar ko an yi magani ko ba a yi ba, duk maganin da aka fara rana ta biyu shi ke kwashe yabo. An ba da na maleriya na kwana uku, ya sauka, an ce ai maleriya ce. An yi allurar taifot, ya sauka, an ce ai taifot ne. Wata na zagayowa a koma gidan jiya. Game da taifot ɗin nan ma, in da gwajin Widal aka dogara, ki rage yarda da shi. Gwaji ɗaya na Widal yakan nuna akwai ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, har ma ga mai maleriya. Taifot na gaske hawa yake yi a hankali ya wuce sati, ba ya sallama rana ta huɗu ya ce sai wata mai zuwa.

Ga aikinki. Ki sayi ma'aunin zafi na kwamfuta, irin wanda ake sa wa a hammata ya yi ƙara, da littafin rubutu mai arha. Duk zuwan zazzaɓi ki rubuta ranar da ya fara, ranar da ya sauka, mafi girman lambar da ma'aunin ya nuna, da duk maganin da aka ba shi. Ki ɗaga leɓensa ki haska cikin baki da fitilar waya, in akwai gyambo ko fari-fari a maƙogwaro ki ɗauki hoto. A auna nauyinsa kowane wata a sikeli guda. Zagaye uku ko huɗu a rubuce sun fi wa likita amfani a kan jakar leda cike da tsoffin kwalaben magani.

Sannan ki kai shi wurin likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ranar farko ko ta biyu ta zazzaɓin, kafin a ba shi komai ban da farasitamol. Abin da ake so a duba yana cikin zafin: maleriya ta madubin ɗakin gwaji, cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin kumburi da ake kira CRP, fitsari, goge maƙogwaro in akwai hali, da rukunin jininsa na sikila in ba a taɓa yi ba. Bayan sati biyu, yana cikin ƙoshin lafiya, a maimaita na jinin. A PFAPA, lambar CRP tana tashi sama lokacin zazzaɓi ta faɗo ƙasa sarai in ya wuce. In ta ƙi faɗowa, to a nemi wani dalilin. Akwai kuma wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba mai kwaikwayon wannan, inda wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa duk bayan kwana 21. Alamarsa dasashi mai kumburi da miki mai wuyar warkewa, kuma sai an ƙidaya jini sau biyu ko uku a sati har sati shida ake kama shi.

Maganar kakarsa kuwa, in PFAPA ne ta yi gaskiya. Tazarar takan riƙa buɗewa, daga wata ɗaya zuwa wata biyu zuwa uku, zafin yana raguwa, har a wayi gari an manta yaushe rabonsa da shi. Galibi yana ɓacewa wajen shekara goma ko kafin balaga, ƙalilan ne ke kai shi girma. Ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya lalata ƙoda, ba ya hana tsawo. Ana kuma samunsa a dangi, don haka labarin uban ba abin jefarwa ba ne, ki faɗa wa likita. Sai dai wannan suna ne da ake kaiwa gare shi bayan an rufe sauran ƙofofi. Kuma a Katsina, mai PFAPA ma sauro na cizonsa: kowane sabon zazzaɓi sai an gwada maleriya, ko da ya zo daidai ranar da kika lissafa.

TAMBAYA, daga wani magidanci a unguwar Kusugu, Daura: Likita barka da aiki. Ɗiyata mai shekara huɗu an ce tana da wannan zazzaɓi mai zagayowa. An ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi uku ta sha sau ɗaya, kafin la'asar jikinta ya yi sanyi. Amma yanzu maimakon wata, bayan sati biyu yake dawowa. In saya a kemis in ajiye ina ba ta?

AMSA: Barka kadai Malam. Daga bayaninka furedinisolon ne, wani maganin kwantar da kumburi, ƙwayar miligiram 5. Ƙa'idarsa a wannan ciwo miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, sha ɗaya tak a farkon zazzaɓi. Yarinya mai kilo 15 ke nan ƙwaya uku ta ishe ta. Yakan kashe zazzaɓin cikin 'yan awoyi, har ma saurin nan yana taimaka wa likita ya ƙara tabbatar da abin da yake zargi. Gyambon baki ne kawai kan yi jinkirin warkewa.

Abin da ka lura da shi sananne ne. Maganin yana katse zagayen da ake ciki, ba ya hana mai zuwa, kuma a jikin wasu yaran yakan jawo shi kusa. Wannan dalilin komawa wurin likita ne, ba na ƙara yawan ƙwaya ba.

Kada ka mai da shi abin ajiya a kan durowa. Yana sauke zafin kowane irin zazzaɓi na ɗan lokaci, har da na maleriya da na sanƙarau, sai ka ga yarinya ta yi sanyi ka saki jiki alhali ciwon na ci. Yana kuma ɓoye sankarar jini, ya rikita gwajinta, shi ya sa ba a fara shi sai an ƙidaya jini. In kuwa aka riƙa sha kullum, fuska ta kumbura, tsawo ya tsaya, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Dangin maganin nan ne wasu ke sha don su yi ƙiba, kuma kumburin da suke murna da shi illa ce.

Likita na da wasu hanyoyin. Akwai kolcisin da ake sha kullum, rabin miligiram zuwa ɗaya gwargwadon shekaru, wanda kan buɗe tazarar a jikin yara da dama. Yakan kawo gudawa a farko. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa babu nisa, don haka a kulle shi inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa, kuma a sanar da duk wanda zai rubuta mata antibayotik, domin irin su kilaritoromaisin na tara shi a jini. Akwai cire tansil, wato naman nan guda biyu da ke gefen maƙogwaro. Akwai kuma haƙuri da farasitamol kaɗai, wanda ba laifi ba ne in zazzaɓin bai hana ta makaranta sosai ba.

TAMBAYA, daga wata kaka a Sandamu, jikanta ya rubuta mata: Jikana kullum ciwon wuya da zazzaɓi. Na ce a kira wanzami ya cire belu, uwar ta ƙi, wai asibiti sun ce aiki za a yi a wuyan. To ba duk ɗaya ba ne?

AMSA: Inna, a gafarce mu, a wannan karon surukarki ce ke da gaskiya. Belu shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiya. Tansil kuwa guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, can gefen tushen harshe, kuma su ne ke kumbura su yi fari-fari. Askar wanzami ba ta kai gare su. An cire belu, ciwon na nan inda yake, an kuma ƙaro haɗarin zubar jini da ba ya tsayawa, da jini ya bi hanyar numfashi, da ciwon sarƙe-haƙora, da ciwon hanta in askar ta taɓa wani. Yaron da ke jin zafin haɗiya ya ƙi ruwa kuma ya bushe.

Cire tansil aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, a ɗakin tiyata, yaro na barci. A PFAPA yana raba yawancin yara da zazzaɓin gaba ɗaya. Amma aiki ne: sati ɗaya zuwa biyu na zafin haɗiya, kuma tsakanin rana ta 5 da ta 10, lokacin da ɓawon mikin ke faɗuwa, jini na iya ɓallewa. Duk jinin da aka gani a baki a kwanakin nan, a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Tunda ciwon mai wucewa ne da kansa, akan ajiye tiyata ga wanda abin ya hana karatu ko magani ya gaza.

In kuma ciwon wuyan na ƙwayar cuta ne, wanda ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, maganinsa amoksisilin ko fenisilin na kwana goma cif. Yaro kan ji sauƙi rana ta uku a ajiye kwalba, kuma wannan sakacin ne ke iya komawa ciwon gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. Ma'aunin da likitoci suka saba bi kafin su yi maganar tiyata a irin wannan shi ne sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Mai'aduwa: Da damina ɗana mai shekara biyar ya yi maleriya sau huɗu. Kowane lokaci gwajin yatsa na nuna layi biyu. Maganin ne jabu, ko jininsa ne sauro ke so?

AMSA: Malam, kafin a zargi kamfani a fara duba yadda aka sha. Maganin da aka fi bayarwa, irin Coartem da 'yan'uwansa, sha shida ne cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare kwana biyu. Da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba. A ƙwayar nan mai lamba 20/120, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya uku. Ɗan shekara biyar galibi ya haura kilo 15, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da saya masa fakitin da ya sha yana ɗan shekara biyu.

Sai abinci. Ƙwayar haɗin magani biyu ce, kuma mai daɗewa a jini daga cikinsu, wanda ke share ragowar ƙwayoyin cutar, ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A ba shi da madara, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai, ba da ruwan randa a kan cikin da babu komai ba. In ya yi amai cikin rabin awa da sha, a maimaita, a kuma sayo cikon abin da ya zube. Na uku, tsayawa a hanya: zazzaɓi ya sauka bayan sha na uku, a ajiye sauran wai don ƙaninsa. Ragowar ƙwayar cutar ta farfaɗo, bayan sati biyu ko uku a sake kwantawa.

Gwajin yatsan ma yana da nasa. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, wani sinadari da take bari a jini yake kamawa, kuma sinadarin kan yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, bayan an warke. Saboda haka layi biyu bayan kwana goma da gama magani ba hujja ba ce. Yaron na iya kasancewa da ciwon kunne ko na fitsari ana ta ɗura masa maganin maleriya. Ƙa'ida: in zazzaɓi ya dawo cikin kwana 28, a duba jini ta madubi. In an ga ƙwayar, a sauya zuwa wani nau'in maganin. In bayan kwana 28 ne, sabon cizo ne, a duba gidan sauro ko ya yage, da kwatamin ƙofar gida.

Wannan ma ana girma a rage shi, amma ta hanya mai tsada. Jiki na tara garkuwa da yawan kamuwa, shi ya sa ya fi kisa a ƙasa da shekara biyar. In akwai ƙannensa 'yan wata 3 zuwa 59, kada a bari maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ya wuce su. Masu rabo suna ba da na rana ta farko a gabansu, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa, kuma a nan yake salwanta.

TAMBAYA, daga wata amarya a Sabuwar Unguwa, Katsina: Ɗana na fari, wata goma sha takwas, ya yi jijjiga sau biyu da zazzaɓi. Maƙwabta suka sa mashi cokali a baki, suka matsa albasa a ido. Farfaɗiya ce? Zai daina?

AMSA: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Jijjigar zazzaɓi tana zuwa tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma wajen shekara shida ƙwaƙwalwa ta wuce wurin. Kusan ɗaya cikin uku na yaran da suka yi sau ɗaya sukan sake. Mafi yawansu ba sa zama masu farfaɗiya, karatunsu kuma ba ya taɓuwa.

In ta zo, ki kwantar da shi ta gefe a kan tabarma, ki sassauta riga, ki dubi agogo. Kada a sa komai a baki. Ba ya haɗiye harshe, cokali kuwa haƙori yake karyawa. Ba albasa, ba hayaƙi, ba ɗura ruwa ko jiƙo, domin huhu suke tafiya, kuma ba a kara ƙafarsa a wuta. Addu'a ki yi ta, ba ta hana kwantar da shi ta gefe. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, a tafi asibiti tana cikin yi.

Ko ta tsaya da kanta a kai shi ranar, domin a ƙasarmu sai an kawar da maleriyar da ta hau kai da sanƙarau kafin a ce ta zazzaɓi ce kawai. Wadda ke sa a zurfafa bincike ita ce ta gefe ɗaya na jiki, ko mai wuce minti 15, ko mai maimaituwa a yini guda, ko wadda ta zo babu zazzaɓi. Kuma kada ki zargi kanki da jinkirin ba da farasitamol. Yana sauƙaƙa wa yaro jiki, amma ba ya hana jijjiga.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciya a Ƙofar Ƙaura: Tunda na sa 'yata makarantar reno take mura da zazzaɓi kusan kowane wata, musamman da hunturu. Nawa ne daidai na farasitamol? Wasu sun ce haƙori ne.

AMSA: Mura sau 6 zuwa 8 a shekara ga ƙaramin yaro ba baƙon abu ba ne, ɗan makarantar reno ma yakan wuce haka. Da ta shiga firamare za ki ga ya ragu. Bambancinsa da na wasiƙar farko: akwai majina da tari, ba shi da ranar zuwa, kuma yana bin gida. Antibayotik ba ya masa komai. Haƙori kuma yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma zafin da ya kai 38 a nemi dalilinsa a wani wurin.

Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. A ruwan da ke da miligiram 120 cikin mililita 5, yarinya mai kilo 12 za ta sha mililita 5 zuwa 7.5. Ki auna da sirinji ko murfin da ya zo da kwalbar, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki karanta jikin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, in an haɗa biyu hanta ce ke biya. Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kilo, duk awa 8, bayan abinci, kuma ba a ba yaron da ke amai da gudawa ko ya ƙi shan ruwa, saboda ƙoda. Asfirin da garin maganin ƙulli mai ɗauke da shi ba na yara ba ne.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: ƙin nono ko ruwa, aman duk abin da aka sha, barcin da ba a iya tashinta, sanƙarewar wuya, tafin hannu ya yi fari fat, haƙarƙari na lotsawa, ko numfashi 40 zuwa sama a minti ga 'yar shekara 1 zuwa 5. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, kowane zazzaɓi na asibiti ne.

TAMBAYA, daga wani makiyayi kuma manomi a Baure: Ɗiyata shekara bakwai. Wata huɗu ke nan zazzaɓi na zuwa da yamma, ya yi kwanaki ya lafa ya dawo, da zufa cikin dare da ciwon gwiwa. Ta rame, zanenta har ya yi mata yawa. Mutane na cewa in bari, na ƙuruciya ne.

AMSA: Baba, wannan kada a bari. Ramewar nan ta fitar da ita daga sahun waɗanda ake jira su girma.

Ga gidan da ke da dabbobi, abu na farko da za a tambaya shi ne ɗanyar madara. Akwai ciwon da ke sa shanu da awaki ɓari, ana ce masa burusela, yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Zazzaɓinsa hawa da sauka yake yi na watanni, da zufa da ciwon gaɓoɓi, kamar yadda ka faɗa. Gwajin jini ke nuna shi, maganinsa kala biyu ne a haɗe na aƙalla sati shida, in an gajarta ya dawo. Ka faɗa wa likita da bakinka cewa kuna da garke, domin ba lallai ya tambaya ba. A gida kuma a riƙa tafasa madara kafin a kwantar da ita ta zama nono.

Na biyu tarin fuka. A yara ba dole sai da tari mai ƙarfi ba, wani lokaci rama ce kawai da kaluluwar wuya mai tauri wadda ba ta sauka. In akwai babba mai tsohon tari a gidan a kai su tare, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. Za a duba ƙanjamau, kada ka ji nauyin wannan, cikin tsarin bincike yake. Za a ƙidaya jini saboda sankara, musamman in tana fari ko tana ciwon ƙashi cikin dare. Za a kai fitsarinta ɗakin gwaji a raini ƙwayar cutar kwana biyu zuwa uku, domin ciwon fitsari mai maimaituwa a 'ya'ya mata yakan zo da zazzaɓi kaɗai, yana yi wa ƙoda tabo a hankali.

Sai sikila, in ba a taɓa gwada ta ba. Mai sikila saifarsa na mutuwa tun yana ƙarami, ƙwayar cutar da wani yaron zai kawar da kansa shi tana iya kayar da shi cikin awoyi. Zafin 38 a jikinsa na asibiti ne a ranar, kuma wannan ba ya ƙarewa da girma. Haka wani zazzaɓin gado da ake kira na Bahar Rum, wanda ya fi yawa a Larabawa, Turkawa, Armeniyawa da Yahudawa: kwana 1 zuwa 3 ne, da ciwon ciki mai tsanani har a zaci na tiyata ne. Ba kasafai ake ganinsa a nan ba, amma ƙasar Katsina tsohuwar hanyar fataken Sahara ce, gidan da ya san yana da jinin Arewacin Afirka ya ambata. Tun 1972 aka san kolcisin na tare shi, sai dai shan har abada ne, in an bari ƙoda ke lalacewa.

Ka kai ta babban asibiti a Daura cikin satin nan, in sun ga ya fi ƙarfinsu su ba ka takardar zuwa Katsina. Ka tafi da katin rigakafinta da fakitin duk maganin da ta sha. Kada a ba ta antibayotik a kwanakin da suka rage kafin ku je, domin yana hana ƙwayar cutar fitowa a gwajin jini da na fitsari.